Kwat ɗinka na nan a bayan ƙofa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a duk inda kake, ni ma lafiya nake, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Na rubuto a shafina ne saboda lambarka ta daina shiga, kuma na san kana leƙowa nan da wani suna da hoton mota. Ban kama sunanka na yanka ba. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba ya karanta ya wuce.

Ranar Asabar na dawo daga gidan tsofaffin da nake aiki, na kunna talabijin don kawai in ji muryar mutum a ɗakin. Sai na faɗa kan irin finafinanka, na 'yan daban Landan. Maza da dogayen kwat, ruwan sama ba ya ɗaukewa, a zuba wa mutum shayi cikin ladabi sannan a karya masa yatsa. Na ɗauki rimot zan canza, hannuna ya ƙi.

Ka tuna gidan kallon bayan layinmu a Fagge? Bayan la'asar ake sa fim, dokar Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, duk ɗan da kiran magariba ya riska a waje jikinsa zai gaya masa. Kullum sai ka baro fim a tsakiya ka sheƙo da gudu. Ina wanke-wanke kana tsugune kana ba ni labari: yaro yana sayar da agogon sata a kasuwa, oga ya fara aikensa, ya zama direba, ya ɗinka kwat, ya sayi mota. A nan labarinka yake tsayawa, domin a nan ladan yake ɗaga murya. Har na yi aure na bar gida ban taɓa jin abin da ya sami yaron ba.

Da na yi maka hanya ka zo Laurel, garin da nake zaune a ƙasar wajen nan, cikin sanyi ka sauka da 'yar rigar shadda kana kaɗuwa kamar mazari. Na kai ka shagon gwanjo na saya maka kwat mai ruwan toka. Ya yi maka yawa, hannun ya rufe har yatsunka. Ka tsaya gaban madubi ka ɗaga wuyan rigar, kana murɗa harshe irin na mutanen Landan, kai da ko filin jirginsu ba ka taɓa taka ba. Na yi dariya har da hawaye. Ban ƙara yin irinta a ɗakin nan ba.

A nan babu Baba, babu mai korar ka, amma halin bai canza ba. Da yaro ya hau kujerar oga sai ka kashe, ko ka mayar da fim farko. In na yi magana ka ce, "Yaya, ƙarshen fim ai na gwamnati ne, don kar 'yan sanda su ji haushi ake yin sa." Bakinka ya fi ƙarfina tun kana goye, sai in ja tsaki in shiga kicin.

Daga siton da na samo maka aiki abin ya fara. Yau takalmi a kwali, gobe waya, ka ce daga mota suka faɗo. Na tambaye ka ko motocin kamfaninku a buɗe suke tafiya, ka yi dariya. Sai zaman gareji a garin Landover da ke kusa da mu, sai na fara jin ƙishin-ƙishin ɗin motocin da ke kwana a ƙofar masu su, su wayi gari a cikin kwantena. Ranar da na tsare ka da faɗa ka haɗa jakarka. Sabon kwat ne a jikinka, baƙi, daidai kafaɗarka. Tsohon ka bar shi rataye a bayan ƙofa.

Yanzu an ce Ciyaman ake kiranka. In na shiga shagon Hajiya 'yar Kumasi sayen kuka da daddawa, hira sai ta mutu. Samarin da ban sani ba su miƙe su gaishe ni har da rusunawa, su karɓi ledata su kai mini bakin titi. Kana jin wannan girma ne ka jawo mini? Da can a shagon nan ake tsokanata, a ce 'yar Kano ta zo da ciniki. Yanzu kowa lallaɓa ni yake. Na fi shekara ban zauna an yi gulma da ni ba, kuma wallahi ina kewar hakan.

Sai maganar Nura, abokinka da kuke cin tuwo a kwano ɗaya a falona, wanda kuka shiga harkar tare. Ka fi ni sanin yadda aka tsinci gawarsa a cikin mota. Malam Idi mai tasi ne ya ba ni labarin jana'izar. Ya ce liman ya yi ta jinkiri ko mutane za su ƙaru, amma sahu ɗaya bai cika ba. Jama'a tsoro suke kar a gan su a wurin. Masu dogayen kwat kuwa sun zo, sun tsaya a tsallaken titi cikin baƙaƙen motoci, ko gilashi ba wanda ya sauke. Ban tambayi Malam Idi ko kana ciki ba, don ba na son amsar. Ni na riƙe waya mahaifiyar Nura tana kuka daga gida, tana tambaya ko ɗanta ya samu mutane. Na ce mata ya samu.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, Auta, ka san sauran.

To, ranar Asabar ɗin na kalli fim ɗin har rubutun ƙarshe ya hau. Shi ma labarin irin yaron nan naka ne, ya mutu a bakin ƙofar motarsa, abokinsa ne ya kashe shi. Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya hana ni cin abinci wata mata ce a maƙabarta, can gefe, riƙe da lema. Tun farkon fim ita ke zuba masa abinci, ita ke wanke masa riga, ko sunanta ba a faɗa ba. Yayarsa ce. Kyamara ta ɗan tsaya a kanta ta wuce. Duk shekarun da kake ba ni labari ba ka taɓa ambatonta ba.

Umma tana kira duk Juma'a. Ina ce mata aiki ne ya yi maka yawa, ita kuma ta ce Allah ya yi maka albarka, in ce amin. Jininta yana hawa, idonta ya fara raguwa, amma kunnenta garau yake. Makon jiya ta ce muryata ba ta yi mata ba.

Ba motarka nake so ba, bas yana kai ni inda za ni. Kai nake so, da ranka. Ka zo ko da 'yan sanda na bin bayanka, mu nemi lauya, mu fuskanci abin da za a fuskanta. Gara in riƙa hawa bas da gwiwar nan ina kai maka ziyara gidan yari, da in zauna a ɗaki Malam Idi ya zo yana gaya mini yawan sahunka.

Sanyi ya shigo. Na kai kwat ɗin nan an wanke, na ɗinke aljihun da ya yage, na mayar da shi inda ka bar shi. Ina jin yanzu zai yi maka daidai. Ban canza makulli ba.

Allah ya tsare mini kai daga sharrin abokai da sharrin kanka. Allah ya juyo da zuciyarka gida, ya sa Umma ta ji muryarka da kunnenta. Allah ya jiƙan Nura ya yafe masa.

Ka taɓa baro fim a tsakiya ba sau ɗaya ba, ka san yadda ake yi. Magariba ta kusa, Auta. Ka taho gida.

Taka har kullum,
Yaya Hadiza