Katangar Gabas Ta Tsage

Daga Waca, zuwa ga ɗana Ilu a Kano.

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina ta Hajara da yara, yaya zaman baƙunta? Mu nan mun gode Allah. Malamin masallaci ke rubutawa, amma maganar tawa ce, na hana shi tausasa ta.

Shamuwa ta iso, ba mu yi yaɓe ba. Na jiƙa makuba, na kwaɓa ƙasa, sai dogarai suka zo da umarnin kumandan, Baturen da ke mulkinmu: kowa ya shafe bangon da ke duban hanya da farar ƙasa, babban Bature zai wuce daga Magaria. Na ce musu ruwa daga gabas yake dukan gida, ba daga hanya ba. Babbansu ya ce, "Baba, Bature ba ya zagayawa bayan gida." Suka tafi da ƙanenka Sani aikin hanya, ƙasar ta bushe a inda na kwaɓa ta.

Yanzu gaban gidan fari fat. Katangar gabas kuwa, wadda ɗakina ya jingina da ita, ta tsage har hannuna yana shiga, gara ta cinye gindinta. Uwarka na kuka in koma zaure. Ba zan koma ba. A ɗakin nan ubana ya cika, shi kuwa bai taɓa yin yaɓe shi kaɗai ba, don ɗansa bai gudu ba.

Jiya hadari ya haɗu, ya watse. Ka gai da kawunka, ku sa mu a addu'a. In za ka zo, ka riga ruwan fari. In ya riga ka, kada ka wahala da sayen makuba, ka taho da farin yadi.

Mahaifinka, Ɗanjuma.