Mai Gadin Takalma

Litinin, 14 ga Afrilu
Usur ɗin lakkol ɗin bayan gidanmu ya sake katse mini karatu, daidai inda saurayi zai faɗi abin da ke ransa. Na leƙa ta katanga. 'Yan mata na zagaya fili a guje, mushensu, malamin wasanni, na ihu. Sai da shayi ya huce na sauko.

Laraba, 16 ga Afrilu
Safiatou, ƙanwar mijina Abdoulkarim, wadda ke zaune wurinmu tana karatu a lakkol ɗin nan, ta same ni a madafa. Wai in roƙi yayanta ya samo mata dispans, takardar likita mai cewa ba ta iya gudu, kafin jarrabawar birbe ta gama kwaleji. Lafiyarta lau! Na ce don me? Ta ce, "Tanti, in na yi gudu samari dariya suke, rigar ta matse ni. Ke ma ai an yi miki takardar."
Gaskiya ne. Na ce zan faɗa masa.

Alhamis, 17
Ban faɗa ba.

Asabar, 19 ga Afrilu
Da ina lakkol, shekara huɗu na yi da irin takardar nan. Inna ce ta nemo, wai gudu na ɓata 'ya mace. Aikina zama gindin itacen bedi, ina gadin takalma da hijaban 'yan ajinmu, littafi a cinya. Lokacin gani nake na fi su wayo. Amma Hamsatu 'yar ajinmu nake ta tunawa, yadda take dawowa tana haki, ta zube kusa da ni tana dariya ba dalili, ta ce, "Ke ba ki san daɗin iska ba." Har yau ban sani ba. Rabona da gudu tun ina shekara goma sha ɗaya.
Na duba littattafaina duka. Babu jaruma ɗaya da ta yi gudu, sai in an biyo ta.

Talata, 22 ga Afrilu
Na sayo yadi a kasuwar Lazaret, an ɗinka mata riga mai faɗi har gwiwa da dogon wando. Ta juya ta, ta ɓata rai. "Ina takardar?" Na ce babu. Ta ce wallahi ban da kirki. Ko tuwo ba ta ci ba.
Ya Allah, ko burina nake ɗora wa yarinyar mutane?

Juma'a, 25 ga Afrilu
Ta sa rigar. Na gan ta ta katanga, ta zo ta huɗu, ta dafa gwiwa tana dariya. Da ta dawo ta ce in riƙe mata agogo ta gwada a tsakar gida, daga ƙofa zuwa famfo, sau goma. Na kulle gida.
Cinyoyina na ciwo yanzu. Abdoulkarim ya tambaya me ya sa nake ɗingishi, na ce daka na yi.
Ta wuce ni da nisa. Amma sau takwas na kai.