Hannu a Kafaɗata

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba, ya ƙannena? Ni lafiya lau, sai kewa.

Na sayi babur madaidaici mai araha, irin na 'yan koyo. Ina zaune ƙafafuna suna taɓa ƙasa. Kada ki damu, ban taɓa faɗuwa ba. Sai dai duk sanda zan sha kwana, ina jin an dafa kafaɗata, kamar yadda Yaya yake yi da yana koya mini keke. A madubi kuwa ba kowa. Bakanike ya ce tayar baya tana cinyewa kamar mu biyu ke hawa.

Inna, kullum sai ku ce wayar Yaya ce ta lalace. Don girman Allah, ki gaya mini gaskiya.

Ɗanki