Ruwan Awararki Yana Tankin Murjani

Uwargida Sueko,

Ina mai sanar da ke cewa ruwan tekun da kika tanada don haɗa awara ya samu canjin wurin aiki. Da safe na gwada ruwan sabon tankin gilashin da nake renon murjani mai rai a ciki, na tarar sinadarin kanwar da ke cikinsa ya yi ƙasa: da ɗigo biyar na maganin gwaji launi ya juya, alhali takwas ake so. Murjanin har ya fara koɗewa, sai na juye masa jarkarki kaf. A gafarce ni.

Na tafi ɗebo miki wani a gaɓar da kika fara daka mini tsawa, "Kai mai farar riga, sauka daga kan murjani!" Shekara arba'in da uku ke nan. Murjanin can duk ya mutu, shi ya sa nake lallaɓa namu na gilashi.

Seitoku