Na-Manya da Littafin Sa'o'in Tashina

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Na ji daɗi da aka ce ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana takawa zuwa ƙofar gida, Allah ya ƙara afuwa. Mu ma nan lafiya lau, sai dai maman yara har yanzu tana mita da hawa bene huɗu da kayan cefane.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ji kun yi ayari zuwa gidan Kawu yin godiya, wai ɗansa Na-Manya ne ya samo mini aiki. Har an ce kana shirin tura masa takardun 'yarka ta fari idan ta gama makarantar tuƙin jirgi. Yaya, ka dakata ka ji daga bakina.

Da na iso ƙasar nan, hukumar jiragen samansu ta ce lasisina na gida ba zai yi aiki ba sai an sauya shi. Shekara goma sha shida ina tuƙi, amma dole in sake zana jarrabawa goma sha uku, likita ya duba ni, sannan a gwada ni a na'urar kwaikwayon tuƙi. Ana cikin haka sai ga Na-Manya da kwat mai sheƙi, ya hakimce a kujera ɗaya tak da muke da ita, ya ce wannan wahalar ta marasa gata ce, shi da shugaban wani kamfanin jirage kwano ɗaya suke ci. Ya karɓi littafin da nake rubuta sa'o'in tashina, wanda in babu shi ba ni da shaidar ko sau ɗaya na taɓa barin ƙasa. Wai zai kai wa shugaban. Laifina ne da na ba shi, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wata uku yana ja na. Yau shugaba ya yi tafiya, gobe shugaba na mura. Da hukuma ta ba ni mako guda in kawo littafin ko su rufe fayil ɗina, sai na nemi wurin aikinsa da kaina. Ofishin da yake cika baki da shi, ashe rumfar gilashi ce a bakin wurin ajiye motoci na filin jirgi, yana ɗaga sanda yana saukewa. Ba sana'ar na raina ba, Yaya, halal ce. Mutumin na raina. Littafina na ƙarƙashin butar shayinsa, bangon duk shatin ruwa. Ko kunya bai ji ba. Cewa ya yi shugaban na wucewa ta nan kowace safiya, yana jiran ranar da zai sauke gilashin motarsa ne kawai.

Na ɗauke abina na yi gaba. Na faɗi jarrabawar dokoki sau ɗaya, na sake, na ci. Wadda ta gwada ni a na'ura, wata dattijuwa mara yawan magana, ita ta rubuta mini adireshin wani ƙaramin kamfanin dakon kaya. Yanzu ina kai magunguna da ƙunshin saƙonni, a kujerar mataimaki, gefen wani kyaftin da yake firamare lokacin da na fara tashi. Ban damu ba, na dai koma sama. Na-Manya na jin labari ya riga ni buga waya gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Kada ka faɗa wa Kawu, tsoho ne, a bar shi da farin cikinsa. Takardun 'yarmu kuwa ni za ka aiko wa, kuma ka ce mata ta fara karatun dokoki tun yanzu. Idan Na-Manya ya kira, ka amsa gaisuwarsa don zumunci, amma ko takardar rigakafin akuya kada ka damƙa masa.

Ka gaishe mini da Inna, da Goggo, da matarka, da Auta. Maman yara na miƙa gaisuwa ga kowa.

Naka ƙaninka,
Direban Sama, kamar yadda Inna ke kira na.