Tsingaron Rumawa da Tukunyar Inna

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya jiki, ya ƙafar nan taki? Ya Malam da jikoki? Mu nan Jidda lafiya lau, sai kaɗaici da haushi.

Makon jiya 'yarki Samira ta kai ni baje kolin kayan tarihi a unguwar Bagdadiyya. Akwai na zamanin Rumawa: kwabban da fuskar sarkinsu ta goge, allurar ƙashi, da tsingaron wata tukunya mai baƙin gindi. An sa shi cikin gilashi, har da mai gadi. Samira ta dinga ɗaukar hoto, wai "Subhanallah Mama, wata mata ce ta yi girki a ciki!"

Yaya, yarinyar nan ce fa ta zubar da tukunyar Inna ranar da muka tashi daga unguwar Mahjar. Cewa ta yi da Larabcin nan nata, "Halas Mama, ta tsufa, yalla," wato shi ke nan, mu tafi. Na karanta tarihin Rumawan nan tun ba a haife ta ba, ban ga inda suka fi Inna iya miya ba. Na so in faɗa mata, amma Hausarta ba ta kai ta ji zafin maganar ba. Haka muka dawo gida.

Abin da ya fi ci mini rai, na manta garin da Inna ta sayo tukunyar, kuma duk Jidda babu wanda zan tambaya. Don Allah ki tuno ki faɗa mini, ke kaɗai kika rage.

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Binta