Geron da Ya Riga Kowa Nuna

Shinkafi,
5 ga Yuni, 2000.

Aminina Maitama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ramatu da yara.

Irin geron da cibiyar bincikenku ta aiko ya iso. Ni da kaina na bi iyayen ɗalibaina a Badarawa gida-gida, ina faɗa masu yana nuna da wuri, kuma masana sun gwada shi. Baba Sanda, wanda 'yarsa ke ajina, ya ce tun da ni na faɗa, shi zai shuka a gonarsa duka. Don murna har darasi na yi wa yara a kai.

Ka gaida gida.

Naka,
Bilyaminu.

Shinkafi,
20 ga Satumba, 2000.

Maitama,

Ina fatan kuna lafiya. Mu sai godiya.

Geronku ya nuna da wuri, ba ƙarya. Ya riga na kowa, sai tsuntsayen ƙasar nan kaf suka sauka a kansa. Zangarniyar Baba Sanda ko ƙwaya babu.

Wannan sai in ce ƙaddara. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da kuka kawo baƙi. Gonar bakin titi kaɗai kuka nuna masu, wadda kuka sa mutane suna kaɗa gwangwani a cikinta tun fitowar kan geron. Ashe kun san da tsuntsayen! Direbanku ya ce haka aka yi bara a wajen Moriki. Me ya hana ku faɗa? Da an rage gona, ko an shirya masu kora. Ina tsaye aka tafa maku, ba wanda ya ambaci sauran gonakin.

Tun zuwan Shari'a, ko mai awo a kasuwa a gaban jama'a ake duba mudunsa. Ku wa ke duba naku?

Shekaranjiya wasu masana daban suka zo auna ruwan rijiya saboda gudawar yara. Ko guga mutanen garin sun hana su. Na je roƙo, Baba Sanda ya gaishe ni da mutunci, sannan ya ce in tsaya ga allo da alli.

Ka zo ranar Juma'a ka faɗi sakamakon duka a ƙofar masallaci, har na bara. Rumbun Sanda ba zai cika da wannan ba, amma wataƙila a bari a duba rijiyar. In ba za ka iya ba, kada ka aiko da amsa.

Ka gaida Ramatu.

Bilyaminu.